Tsumman da ke Tagar Inna

Gwarzo,
ranar Laraba.

Zuwa ga takwarar Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan lokacin da za ki buɗe wannan takarda kin isa Kabo lafiya, kin sami Inna lafiya, da Kawu Sale da iyalinsa, da sauran mutanen gidan manya da yara. Allah Ya sa kin sauka a sa'a, Ya tsare ki a hanya, Ya tsare ki a ɗaki. Amin.

Da farko na yi niyyar saka takardar nan a cikin littafinki na bayoloji. Sai na tuna irin zaman da kuke yi da littafin, na ce ƙila sai bayan jarrabawa za ki gan ta. Shi ya sa kika same ta a kan man shafawarki.

Kin san ba da son raina za ki zauna a Kabo ba. Can aka ba ki wurin zana jarrabawar, can ne kuma ake yin darasin masu gyara takarda. Da zamanin da ne, sai ki riƙa zuwa kina dawowa. Yanzu mai ya yi tsada, kuma tun da aka fara shari'a mace ba ta hawa acaɓa, motar mata kuwa sai ta cika take tashi, ita kuma ba ta san ana jarrabawa ba. Abbanki ya ce ki zauna wurin Inna har a gama, na ce to. Ba ni da wata hujjar da zan iya faɗa da baki. Ke 'yar fari ce, kin san ba mu saba doguwar magana ba, ni da ke. Abin da bakina ya kasa, bari hannuna ya gwada.

Zan fara da karatun, tunda shi ya kai ki.

Bayoloji kaɗai ya tsare ki daga makarantar koyon jinya, ke 'yar malamar bayoloji. Ranar da sakamako ya fito, Malam Habu mai koyar da lissafi ya dube ni a ofishin malamai ya ce, "Malama, ko dai ke kika yi mata makin?" Aka yi dariya, ni ma na yi, don ban ga abin da ya fi dariyar sauƙi ba. Amma a hanyar gida na yi wa kaina hisabi. Shekara da shekaru ina koyar da 'ya'yan mutane, ke kuwa na ɗauka ilimi kamar mura yake, zama gida ɗaya ya isa a ɗauka. In kin kawo mini tambaya ina tuƙa tuwo sai in ce, "Wannan ma ba ki sani ba?" Da kika ji haka sau da yawa sai kika daina kawowa, ni kuma na ɗauka kin gane ne. Don haka a wurin darasin nan, duk abin da ya shige miki duhu ki ɗaga hannu. In malamin ya ce wannan ma ba ki sani ba, ki ce masa e, shi ya kawo ki.

Na duba takardun gwajin da kika bari a ɗaki. Zagayen kabon kin haddace shi tsaf, kamar karatun allo, amma kan kibiyoyinki duk inda suka ga dama suke kallo. Gado kika yi. Ina aji biyar na zana wannan zagaye a jarrabawar gwaji, na yi masa ado, har da tsuntsu a kan bishiya, amma na sa kibiya ta tashi daga akuya ta shiga ciyawa. Wato a zanena ciyawa ce take cin akuya. Mai duba takarda ba ruwansa da tsuntsu, kan kibiya yake bi. Ban gane abin ba sai a jami'a, ranar da na daina kallon zanen na fara kallon tsakar gida.

To ke ma ki yi haka. Da safe ki ajiye littafin, ki zauna a tsakar gidan Inna ki bi abin da ido. Iskar kabon-dayoksaid tana nan ko'ina, ba a ganin ta. Ganyen dawa ya zuƙe ta, ya haɗa da ruwa, hasken rana ya yi aiki, aka sami abinci. Wannan kibiya daga iska take tashi ta shiga shuka, kuma ita ce babbar hanyar da ke ɗebe kabon daga iska. Dawar ta zama tuwo kuka ci, karan da dusar jar akuyar Inna ta ci, kibiya daga shuka zuwa dabba ke nan. Ke da akuyar kuka yi numfashi, kabon ya koma iska. Kada ki manta ita ma shukar tana numfashi, dare da rana. Nan ne rabin 'yan ajina suke faɗuwa, sun ɗauka shuka karɓa kawai ta iya. Daga nan ki zagaya bayan gida ki dubi jujin da Kawu Sale yake tarawa don gona. Kashin awaki da ganye da ɓawon gyaɗa suna ruɓewa, ƙananan halittun da ido ba ya gani suna cin su suna numfashi, kabon yana komawa sama. In kin tura hannu cikin jujin za ki ji ɗumi. Abin da ya mutu ya nutse a ƙarƙashin ƙasa tun kafin kakannin kakanninmu, bai sami ruɓewa ba, shi ya zama man fetur da kananzir, waɗanda yanzu sai a littafi ake samun su ba layi. Akwai kuma wanda ruwan teku yake shanyewa; teku kam babu shi a Kabo, wannan na yarda ki haddace.

Saura kibiya ɗaya, ta ƙonewa. Littafinku ya zana wuta, ya ja kibiya daga ita zuwa iska, ya rubuta kabon-dayoksaid, ya wuce. Ki rubuta musu haka, za su ba ki makinki. Amma ni saboda wannan kibiyar na zauna rubuta takardar nan, domin littafin bai gama magana ba. Wannan idan wutar ta sami iska isasshiya ke nan. In aka kai garwashi ɗakin da yake rufe, iskar ta yi masa kaɗan, wani abu dabam yake fitarwa, kabon-monoksaid. Ba shi da wari, ba shi da launi, ba ya sa tari, ba ya sa hawaye. Hayaƙin itace ya fi shi mutunci, don shi yana korar mutum waje. Wannan kuwa shiga jini yake ya zauna a mazaunin iskar da jiki ke bukata, mutum ya ji kansa ya yi nauyi, ya ji barci mai daɗi.

Na san wannan tun kafin a haife ki. Na rubuta shi a jarrabawar jami'a, na ci.

A wannan ɗakin da za ki kwana na yi jegonki. Lokacin ana tsakiyar tsuke bakin aljihu, kananzir ya ɓace, rishon da na zo da shi daga birni ya zama abin ɗora kwanuka. Sanyi ake yi sosai. Kullum da safe Inna za ta yi mini wankan ruwan zafi da ganyen darbejiya, ta ɗura mini kunun kanwa, sannan ta cika kasko da garwashi ta tura ƙarƙashin gado, ta saki asabari, ta ja ƙofa, ta toshe duk wata kafa da tsumma. Ta ce mai jego ɗanyen nama ce, in sanyi ya shige ta ba ya fita. Tun ranar farko na dubi kaskon na dubi ƙofar, na san abin da nake kallo. Na buɗe baki zan ce, "Inna, yarinyar nan," sai na tuna ke 'yar fari ce. A gidanmu mai haihuwar fari ko kallon jaririyar ba ta yi a gaban manya, balle ta nuna ta damu da numfashinta. Ai sai a yi shekara ana ba da labarina a gidajen biki: ta je jami'a ta dawo ba kunya. Na auna wannan da wancan, da digirina a cikin akwati, na ja bakina na rufe.

Wata rana da hantsi, bayan wanka, na ji kaina yana sarawa kamar ana daka a ciki. Na ce bari in tashi, ƙafafuna suka ce ba da su ba. Kina gefena, ba ki yi kukan da kika saba ba, ni kuma har daɗi na ji, na ce yau yarinyar nan ta bar ni in huta. Ba na tuna abin da ya biyo baya. Abin da aka faɗa mini shi ne wasu mata sun taho barka daga Unguwar Tudu, cikinsu da Gwaggo Ladi, ƙanwar kakanki, wadda ba ta taɓa jiran a amsa mata sallama ba. Ta banko ƙofa tana cewa, "Ina mai jegon, ko boko ya hana ta gaisuwa?" Ta tarar na yi amai a kan matashi, ke kuma kin saki jiki kamar tsumma. Suka kwaso mu zuwa tsakar gida, ba don sun san iska muke bukata ba, sai don a ɗakin babu hasken da za a ga fuskarmu. Can kika yi wani ɗan kuka siriri. Duk wani rashin ta-ido na Gwaggo Ladi tun daga ranar na yafe mata shi, har wanda ba ta yi ba tukuna.

Kafin azahar gidan ya gama bincike. Aka ce mutanen tsamiyar ƙofar gida ne suka shafe mu. Aka kawo maganin hayaƙi, aka barbaɗa shi a kan wannan kaskon dai, aka lulluɓe ni da zane don kada ko kaɗan ya tsere. Ina ciki ina lissafin abin da ke shiga jinina. Abin da na iya kawai shi ne na ce ɗakin ne nake tsoro, aka mayar da mu rumfa har muka yi arba'in. Aka sare tsamiyar, bishiyar da ta girmi Inna, wadda tun kafin a haife ni take zuƙar kabon daga iskar Kabo ba ta taɓa cutar kowa ba. Masu gawayi suka zo suka turbuɗe ta suka ƙona, aka ba Inna rabonta buhu-buhu. Da wannan gawayin ta ji ɗumi a shekarar, a ɗaki, ƙofa a rufe. In kina neman misalin zagayen kabon wanda ya zagayo daidai, ban san wanda ya fi wannan ba.

Kin sha jin labarin nan a bakin Inna, da aljanunsa. Yanzu kin ji shi babu su.

Za ki ce to ai Inna ta shekara tana haka, ga ta nan daram. Ni ma da wannan na riƙa lallashin kaina. Amma a da ɗakinta na ƙasa ne, rufin azara, ƙofar langa-langa wadda kaza take wucewa ta ƙarƙashinta. Iska tana shiga ko ba a gayyace ta ba. Mu 'ya'yanta masu albashi muka ga bai dace uwarmu tana kwana a haka ba. Bara muka shafe mata shi da siminti, muka sa kwano da silin, muka kafa ƙofar ƙarfe mai rufuwa ruf. Ni na zaɓi ƙofar da kaina. Sai da na tsaya a ciki aka rufe don a nuna mini kyanta, sannan na tuna da kaskon. Na sa magini ya huda 'yar taga a sama, kusa da silin, na ce don haske. Da na koma bayan sati biyu na tarar Inna ta cusa mata tsohon zanenta mai ruwan ƙasa.

Ranar na gwada magana, iyakar gwadawata. Na ce, "Inna, da an riƙa fitar da kaskon nan kafin a kwanta."

Ta ce, "Saboda me?"

Na ce, "Yana cinye iskar ɗaki."

Ta dube ni ta dubi kaskon. "Da wane bakin?"

Na ce, "Akwai wani abu da yake fitarwa, ba a ganin sa."

"A'a," in ji ta. "Da na ce miki akwai abin da ba a gani a tsamiya, cewa kika yi camfi ne. Yau naki abin da ba a ganin ya zo? Duk a kan garwashin nan na gasa ku, ga ki nan har kina koya mini numfashi."

Matar Kawu Sale tana bakin ƙofa tana danne dariya. Na ce Allah Ya ba ki haƙuri, na ɗauko zancen tsadar gero. Abbanki kuwa da na faɗa masa, cewa ya yi shi da surukarsa sai gaisuwa daga zaure, kuma gaskiyarsa ne. Tun bayan gyaran, duk ranar da aka yi sanyi Inna sai ta yi ta kukan ciwon kai da jiri da safe. Yanzu da ruƙiyya ta yi yawa an kawo mata masu yi har sau nawa. Suna fita da ita tsakar gida su yi karatu, ta ji sauƙi, kowa ya ce Allahu Akbar.

To ga abin da nake so da ke. Ni 'yarta ce, tsakanina da ita akwai kunya. Abbanki suruki ne. Kawu Sale bai ga abin tsoro ba. Amma ke jika ce, kuma takwararta. Kakanninmu da suka ɗaure bakin 'ya, sun kwance na jika. Na ji ki da kunnena kina ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, kina cewa ta cinye rabonta ta shiga na wasu, tana dariya har tana neman faɗuwa daga tabarma. In ni na faɗi rabin wannan sai an tara mini dangi. Shekara da shekaru ina hararar ki a kan wannan bakin naki. Yau shi nake roƙo.

Kada ki yi mata darasi, na gwada, kin ji yadda muka ƙare. Kada ki ambaci kabon. Ki ɗauki kaskon kawai ki fitar, kina tsokanar ta. Ki ce ba za ki kwana ana gasa ki kamar tsire ba. Ki ce in tana gaggawar tafiya ta tafi ita kaɗai, ke kina da jarrabawa. Za ta zage ki, za ta ce kin yi gadon iyayin uwarki, ki ce e. In ta dage, ki tuna mata malamai suna cewa a kashe wuta kafin a kwanta; Inna ba ta wuce wa'azin rediyo, kuma a 'yan shekarun nan abin da aka ce malamai sun faɗa ya fi abin da likita ya faɗa saurin shiga. Ku ji ɗuminku a rumfa ko da ƙofa a buɗe, amma kafin a rufe ƙofar nan, ko da rana ne, garwashi ya fita. Ba a rage shi, ba a rufe shi da toka a bar shi a lungu. Wanda ya lafa ya yi kamar ya mutu, shi ma yana aikinsa. Na sa miki barguna biyu a ƙasan akwati, mai kaurin nata ne, ki ce Abbanki ya aiko, ta fi karɓar nasa. Akwai kuma 'yar jarka. Ki cika ta da ruwan zafi ki naɗe a zane ki sa mata wajen ƙafa.

Sannan tsumman. Ki taka kujera ki zare shi yau, kafin ki kwance kayanki. Gobe za ki tarar ta mayar, tana da sandar da take tura shi da ita. Ki sake zarewa. Inna tana da haƙuri, amma ke kin fi ta taurin kai, na shaida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne karatunki. Na san ki: za ki shige ɗaki ki rufe ƙofa don hayaniyar yaran Kawu Sale, Inna kuma don tausayi za ta turo miki kasko kusa da ƙafa. In kina karatu kika ji kanki yana sarawa, ko jiri, ko tashin zuciya, ko wani barci da ba ki san daga inda ya taso ba, kada ki ce bayoloji ne. Na san yana sa ki barci, amma kada ki tsaya tantancewa. Kada ki ce bari in ƙarasa shafin nan. Ki tashi tun ƙafa tana ɗaukar ki, ki buɗe ƙofa, ki jawo Inna, ki kira mutane da ƙarfi, a kai ku asibiti. Ko ba mayafi a kanki ki fito. Duk mai magana ya zo ya same ni a Gwarzo.

Ina so ki ci jarrabawar nan, Allah Ya sani. Ina so in shiga ofishin malamai in ajiye sakamakonki a kan teburin Malam Habu ba tare da na ce komai ba. Amma in kin juya kan kowace kibiya, kika sa ciyawa ta ci akuya, ana sake jarrabawa baɗi. Rai kuwa ba a sake shi.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki taya matar Kawu Sale aiki ko ba ta nema ba. Ki gaishe da Inna, ki ce ina nan tafe ranar Juma'a ta sama in an sami mota. Kada ki nuna mata takardar nan, kada kuma ki bar ta inda Kawu Sale zai karanta mata.

In na sauka, ta bayan gida zan biyo, don daga lungun ana hango tagar. Zan ɗaga kai in duba kafin in ƙarasa ƙofa. Sannan in na yi sallama, kada ki bar yaran gidan su riga ki. Ba zan kira sunanki ba, kin sani, ba zan kuma tambayi kowa ina kike ba. Ki amsa da kanki, da ƙarfi, yadda zan ji tun daga zaure.

Allah Ya buɗa miki ƙwaƙwalwa, Ya sa ki tuna abin da kika karanta a lokacin da ake bukatarsa. Allah Ya kwanar da ku lafiya ke da takwararki, Ya tashe ku lafiya. Na bar ku a hannunSa.

Wassalam.

Mahaifiyarki.